Kafin ka kwashe kod ɗinka daga GitHub, wa zai yi gadin rumbun?

Kwanan nan duk inda masu rubuta manhaja suka zauna hira, da wuya a watse ba a taɓo maganar nan ba: wai lokaci ya yi da za mu kwashe kod ɗinmu daga GitHub, kowa ya kafa sabarsa, ya riƙe kayansa a hannunsa. Wani ya ce Gitea, wani ya ce Forgejo, wani ya ce ai shi tsohuwar kwamfutar da ke ƙarƙashin teburinsa ma ta ishe shi. Wanda ya ce shi yana nan daram a GitHub kuwa sai a yi ta zolayarsa, ana ce masa yaron Microsoft.

To ni dai ga matsayata tun daga farko, kada a ce na yi kwana-kwana. Kafa rumbun kod naka na kanka abu ne mai kyau, kuma a wasu halaye ma wajibi ne. Amma ranar da ka kafa shi, ka ɗauki aikin maigadi, kuma aiki ne da babu hutun sallah a cikinsa. In ba ka da wanda zai yi wannan gadin, kayanka sun fi zama lafiya a inda suke. Abin da ya sa na damu da maganar shi ne, yawancin kod ɗin da muke riƙe da shi ba namu ba ne mu kaɗai. Na makarantar da ta ba mu kwangila ne, na asibiti ne, na ɗan kasuwar da ya yarda da mu ya biya kuɗinsa. In ya salwanta ko ya fita, amana ce ta salwanta.

Bari in fara da yi wa masu son tashi adalci, don hujjojinsu ba na wasa ba ne.

GitHub kamfani ne na Amurka, kuma tun 2018 mallakar Microsoft ne, da ta saye shi a kan dala biliyan 7.5. Duk dokar da gwamnatin Amurka ta yi, dole ya bi. A watan Yulin 2019 masu rubuta manhaja a Iran da Siriya da yankin Kirimiya suka wayi gari an taƙaita musu asusunsu saboda takunkumi, wasu ba sa iya shiga rumbunansu na sirri. Ba wani laifi suka yi ba, ƙasar da suke zaune ce laifinsu. Sai a Janairun 2021 GitHub ya samu lasisin dawo wa da mutanen Iran cikakken aiki. A Oktoban 2020 kuma aka sauke manhajar youtube-dl saboda ƙorafin ƙungiyar kamfanonin waƙa ta Amurka, sai da aka yi ta ce-ce-ku-ce kafin a dawo da ita a watan Nuwamba. Da Copilot ya fito a 2021, mutane da yawa suka ji haushin cewa da kod ɗin da suka buɗe wa jama'a kyauta aka horar da abin da za a dawo a sayar musu. Duk wanda ya ce maka kayan aro ba ya rufe katara a wannan fage, bai yi ƙarya ba.

Mu nan kuma muna da namu dalilan da Bature bai san da su ba. Ranar 14 ga Maris 2024 manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku guda huɗu, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, aiki ya tsaya cik a wurare da dama a Najeriya da Gana da maƙwabta, har manhajojin bankuna suka riƙa ƙin buɗewa. A Satumban 2021 aka katse layukan sadarwa a Zamfara baki ɗaya saboda matsalar tsaro, aka bi da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. Ka ɗauka ku biyar ne a ofis ɗaya, kuna kallon juna, amma ba za ku iya haɗa aikinku ba saboda rumbun yana can wata nahiya. Ga kuma maganar dala: kafin Yunin 2023 ana canjin hukuma a wajen naira 460, zuwa farkon 2024 ta haura 1,500. Duk abin da ake biya wata-wata da dala ya ninka sau uku ba tare da an ƙara maka komai ba.

Duk na yarda da waɗannan. Amma a lura da wani abu da ake yawan mantawa a cikin zafin musu. Shi Git ɗin kansa, wanda Linus Torvalds ya rubuta a 2005, an gina shi ne ta yadda duk wanda ya kwafo rumbu zuwa kwamfutarsa yana da tarihin aikin tun daga ranar farko. In ku biyar ne, kusan kwafi biyar kuke da shi. Ko yau aka rufe muku asusu, kod ɗin yana nan. Ko intanet ta ɗauke, kuna iya tura wa juna aiki ta wayar sadarwar cikin ofis, ko ma ta filashi. Abin da zai tafi shi ne abin da ba ya cikin Git: jerin matsalolin da kuka rubuta, muhawarar da kuka yi a kan kowane gyara, tsarin gwaji da turawa na atomatik, da izinin wa ke iya taɓa me. Waɗannan su ne ya kamata mutum ya yi wa tanadi. Maganar kuɗi ma ta yi sauƙi, tunda tun Janairun 2019 rumbun sirri kyauta ne a GitHub, kuma a Afrilun 2020 suka cire iyakar yawan mutanen da za su yi aiki a ciki. Ƙaramin ofis zai iya shekara bai biya ko sisi ba.

Yanzu mu duba ɗaya ɓangaren, wanda ba a cika son jin sa a wajen hira ba.

A ƙarshen Agustan 2011 aka gano cewa masu kutse sun shiga kernel.org, gidan da ake ajiye kod ɗin Linux. Waɗannan fa su ne malaman malamai. Sai da shafin ya yi fiye da wata guda a rufe ana sake gini, shi kansa Torvalds ya ɗora kod ɗin a GitHub na ɗan lokaci. A ranar 28 ga Maris 2021 aka shigar da gyare-gyare biyu na mugunta cikin rumbun harshen PHP, wanda suke riƙe da shi a sabarsu, aka sa sunan Rasmus Lerdorf, mutumin da ya ƙirƙiro harshen, da na Nikita Popov, aka yi kamar gyaran kuskuren rubutu ne. Allah Ya taimaka aka gano cikin sa'o'i, kafin abin ya kai ga jama'a. Me suka yi bayan nan? Suka ce riƙe saba da kansu haɗari ne da ba su da buƙatarsa, suka koma GitHub. A Janairun 2021 kuma kod ɗin reshen Nissan na Arewacin Amurka ya bazu a duniya, saboda an bar sabar Git ɗinsu a buɗe da sunan shiga admin, kalmar sirri ma admin. Kamfanin da ke ƙera motoci ke nan fa.

Sai ka ji wani ya ce, “To ni wa ya san da ni? Wa zai ɓata lokacinsa a kan ɗan ƙaramin rumbuna?” Ɗan'uwa, ba mutum ne ke zaune yana nemanka ba. Na'urori ne ke zagaye intanet dare da rana suna ƙwanƙwasa kowace ƙofa. Ka kunna sabuwar saba yau ka bar ƙofar SSH a buɗe, ka dawo gobe ka duba littafin shiga, za ka ga baƙin da suka yi ta gwada kalmomin sirri. Ba ruwansu da ko kai wane ne. In sun shiga, ko su mayar da na'urarka injin haƙo kirifto, ko su yi amfani da ita su kai wa wani hari, ko su kulle kayanka su nemi kuɗin fansa.

Misalin da ya fi nuna wannan shi ne na GitLab. A Afrilun 2021 kamfanin ya fitar da faci na wata ɓaraka da ke ba mutum damar ƙwace saba ta hanyar ɗora hoto kawai, ba tare da ma yana da asusu ba. Masu amfani da shafin kamfanin ba su yi komai ba, an gyara musu. Masu riƙe da nasu kuwa, sai wanda ya tashi ya sa facin da hannunsa. Zuwa Nuwamban shekarar, wata shida ke nan, dubban sabobi na nan ba a taɓa su ba, kuma masu kutse suka tattara su suna kai hare-hare da su. A Janairun 2024 aka sake samun wata: mutum na iya sa a aika saƙon canza kalmar sirrin asusunka zuwa imel ɗinsa. Wanda ya kunna tantancewa mai mataki biyu ya tsira, don ko an canza kalmar, ba a iya shiga. Ka ga bambancin duka yana wajen ko akwai wanda ke bibiya. Manhajar ɗaya ce, facin ɗaya ne.

Sai maganar kwafin ko-ta-kwana, wanda kowa ke cewa yana da shi har sai ranar da aka nema. Ranar 31 ga Janairu 2017 wani injiniyan GitLab, cikin dare kuma a gajiye, ya goge ma'ajiyar bayanai ta ainihi yana zaton ta biyun yake gogewa. Kusan gigabait 300 suka tafi cikin daƙiƙoƙi. Da aka juya wajen hanyoyin ajiyar da suke taƙama da su, sai aka tarar kusan duk ba sa aiki, wasu sun daɗe da mutuwa ba wanda ya lura. Abin da ya cece su wani kwafi ne da aka ɗauka da hannu sa'o'i shida kafin nan, kuma aikin waɗannan sa'o'i shidan ya tafi ke nan. A lura, rumbunan Git ɗin ba su taɓu ba. Abin da ya ɓata shi ne irin abin da na ambata a sama, wato tattaunawa da jerin matsaloli da sababbin asusu. A Yunin 2014 wani kamfanin ajiye kod mai suna Code Spaces ya mutu murus cikin kwana ɗaya, saboda wanda ya ƙwace asusunsu na Amazon ya goge kayan da kwafin gaba ɗaya, tunda duk makulli ɗaya ke buɗe su. Ranar 10 ga Maris 2021 gobara ta cinye wani ginin sabobi na kamfanin OVH a Strasbourg ta Faransa, waɗanda kwafinsu ke wuri ɗaya da asalin suka tashi a tutar babu.

In haka ta faru da masu injinan sanyaya ɗaki da wuta ba yankewa, ina ga kwamfutar da ke ƙarƙashin tebur a Kano ko Gusau? A Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun yi fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan wuta. Ko ba wannan ba, kowa ya san yadda ake ɗauke wuta a dawo da ita da ƙarfi. Faifan ajiya ba ya son a kashe shi yana tsakiyar rubutu. Ga zafin Afrilu, ga ƙurar hunturu, ga ɓarawon da zai fasa ofis ya ɗauki kwamfutar don ya sayar da ita a kasuwa, bai ma san ya tafi da aikin shekara uku ba. Sola da inbata suna rage matsala, amma batir ma yana da ranarsa.

Akwai kuma cutar da canza gida ba ya maganinta, ita ce zuba makullai a cikin kod. A 2016 masu kutse suka samu makullin sabobin Uber a cikin wani rumbun sirri na injiniyoyinsu a GitHub, suka kwashi bayanan mutum miliyan 57. Kamfanin ya biya su dala 100,000 ya rufe maganar, sai a ƙarshen 2017 ta fito, kuma daga baya kotu ta samu shugaban tsaronsu da laifi a kan ɓoyewar. A Oktoban 2022 Toyota ta amsa cewa wani makulli ya yi kusan shekara biyar a fili cikin kod ɗin da aka ɗora a GitHub, abin da ya shafi kwastomomi kusan 300,000. A Mayun 2019 aka share ɗaruruwan rumbuna a GitHub da GitLab da Bitbucket aka bar takardar neman fansar bitkoyin 0.1, kuma ba kamfanonin aka fasa ba, kalmomin sirrin masu rumbunan aka tsinta a inda suka yar da su. Wannan halin in ka tafi da shi sabarka, can ma zai ci ka. Kuma don Allah a riƙa gaya wa masu tasowa: in ka shigar da makulli cikin Git, goge layin a gyara na gaba bai cire shi ba, yana nan a tarihi. Maganinsa ɗaya, a kashe wannan makullin a yanko sabo, yau ba gobe ba.

Amma abin da ya fi ba ni tsoro a wajenmu, mutum ne. Na sha ganin yadda ake yi: yaro ɗaya mai ƙwazo shi ya kafa sabar a ƙarshen mako, shi kaɗai ya san kalmar sirrin, da imel ɗinsa aka yi rajistar komai, da katinsa ake biyan haya. Ana nan sai ya samu aiki a Legas ko ya haye waje, ko a yi saɓani a kan kuɗi ya kashe wayarsa, ko kuma ta Allah ta kasance. Sabar na nan tana aiki, ba mai iya shiga, ba mai iya sabuntawa, har ranar da kuɗin haya ya ƙare aka share ta. Maigidan da ya biya kuɗin aikin bai ma san akwai wani abu wai shi rumbu ba, sai ranar da ya nemi a gyara masa wani abu aka ce ai babu kod ɗin. Kuma tun 2023 Najeriya na da dokar kare bayanan jama'a, da hukumar da ke sa ido. In bayanan marasa lafiya ko na ɗalibai suka fita ta ƙofar da ka bari a buɗe, ba za ka ce ai Microsoft ce ba. Kai ne.

To me nake ba da shawara?

In ku biyu ne ko uku, ba ku da wanda aikinsa shi ne kula da saba, ku zauna a GitHub ko GitLab, ko Codeberg in kuna aikin buɗaɗɗiyar manhaja kuma ba kwa son kamfanin Amurka, don ita ƙungiya ce mai zaman kanta a Berlin ta Jamus, ba ta neman riba. Ku kunna tantancewa mai mataki biyu, kowa da kowa, ku buga lambobin ceto a takarda ku adana. Ku buɗe asusu da sunan ofis, a samu aƙalla mutum biyu masu cikakken iko. Sannan ku kafa madubi: wata 'yar na'ura a ofis, ko da Raspberry Pi ce, da za ta riƙa janyo kwafin komai kowane dare. Ranar da wayar teku ta tsinke ko aka rufe asusu, sai ku juya kanta ku ci gaba. Da wannan kun samu mafi yawan 'yancin da ake magana, ba tare da kun buɗe wa duniya ƙofa ba.

In kuwa dole ne ku riƙe naku, ko don abokin hulɗa ya shardanta kada kayansa su bar ƙasa, ko don intanet ɗinku ba abin dogaro ba ce, to a yi shi da ƙa'ida. Ku zaɓi mara nauyi. GitLab yana cin ƙwaƙwalwar na'ura sosai, kuma yawan kayan da ke cikinsa yawan abin da za a yi wa faci ne. Gitea, wanda ya ɓalle daga Gogs a 2016, da Forgejo, wanda ya ɓalle daga Gitea a ƙarshen 2022 bayan an mayar da ragamar aikin hannun kamfani, duk suna tafiya a ƙaramar na'ura. Kada ku fito da shi fili. Ku sa shi bayan VPN, irin WireGuard ko Tailscale, ta yadda wanda ba naku ba ko ƙofar ba zai gani ba. Wannan mataki ɗaya ya kawar da yawancin masu ƙwanƙwasar da na faɗa. Ku rufe rajistar baƙi tun ranar farko. Ku hana shiga SSH da kalmar sirri, sai da makulli, kowa da nasa, kuma ranar da mutum ya bar aiki a cire nasa kafin ya kai bakin titi. Na'urar da ke gudanar da gwaji na atomatik a raba ta da wadda rumbun ke kai, don ita aikinta shi ne gudanar da duk abin da aka miƙa mata. A sa rana a kalanda ta duba sabuntawa, a rubuta sunan wanda zai yi da wanda zai maye gurbinsa in ba ya nan. Kwafi kuma uku: ɗaya a na'urar, ɗaya a wani faifai dabam, ɗaya a wani gari ko wani kamfani, a kulle, da makullin da sabar kanta ba ta iya gogewa da shi. Kuma kwafin ya haɗa da ma'ajiyar bayanai, ba rumbunan kaɗai ba. Bayan kowane 'yan watanni a ɗauki na'ura fanko a gwada dawo da komai daga kwafin. Wanda ba a taɓa gwadawa ba, kada ku lissafa shi.

Za ka ce wannan ai aiki ne mai yawa. Eh mana, shi ne maganar tawa tun farko. Kafawa minti talatin ne, duk wanda ya iya bin umarni zai yi. Riƙewa shekara biyar ba tare da an fasa ko an rasa ba, nan ake gane ƙwararre.

Ga masu koyo kuma, kada wannan rubutu ya sa ku ja da baya. Ku kafa, ku lalata, ku sake kafawa, da haka ake iyawa, kuma muna matuƙar buƙatar masu wannan ilimi a Arewa. Sai dai a koya da kayan wasa. Kada a koyi aski a kan kod ɗin wanda ya biya kuɗi.

Manyanmu a wannan sana'a, ku ma da naku. In ƙaraminku ya zo da murna ya ce ya kafa rumbunsa, kafin tafi ko zolaya, ku yi masa tambaya uku: wa ke sa faci, ina kwafin yake, kuma wa ke da makulli in ba ka nan? In ya amsa ukun, ku ba shi hannu, ku ma ku roƙe shi ya koya wa wasu. In ya yi shiru, ku zauna da shi ku gyara kafin ya ɗora kayan mutane a kai.

Wanda ke riƙe da nasa rumbun a cikinku, ina so in ji yaushe rabonsa da gwada dawo da kwafi. Allah Ya tsare mana amanar da ke hannunmu.